Haƙarƙari Talatin da Bakwai

Faɗan da na yi da Mai Kwando a kan kwandon gawayi ne. Na je rumfarsa na ce ya saƙa mini babba, ya ƙara masa haƙarƙari don ya yi ƙarfi. Haƙarƙari shi ne sunan da yake kiran tsinkayen goran nan na tsaye, waɗanda ake bi da siririn silin gora ana zagayawa har kwando ya tashi. Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Talatin da bakwai."

"Na ce ka cika arba'in."

"Talatin da bakwai, Mai Gawayi."

"Ukun nan daga ƙirjinka za ka zaro su? Kwandona ne ko naka?"

"In ya bar hannuna naki ne."

"To me ya sa ba za ka ƙara ba?"

Sai ya sa sili a baki ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya a kansa na wanke shi tas. Na ce Allah ya ba shi baki ya mai da shi wurin rataye gora. Na ce ko jaki in ya ƙi hanya yakan yi kuka a san ya ƙi. Telan da ke rumfar kusa ya yi dariya har ya ɗinke aljihun wani. Da na gaji na juya, sai na ji ya ce a bayana, "Ki dawo jibi." Na dawo, na ƙirga a gabansa don in ba shi haushi. Talatin da bakwai ne.

Haka yake tun yana da baƙin gashi. Mutum ne siriri mai dogayen yatsu, tafin hannunsa duk tsaga, kullum da ƙyalle ɗaure a babban yatsa. A wurin wani tsoho ya koyi saƙa, tsohon da ba ya koyarwa sai da bayan wuƙa a kan yatsu. Ba wanda ya taɓa ce masa ga dalilin kaza. Duk abin da ya sani shi ya tono da kansa, bayan ya ɓata gora mai yawa ya sha duka a kanta. Da ya kafa tasa rumfar ya ɗauko ƙanensa, ya nuna masa yadda ake naɗe baki da yadda ake ɗaure kunne. Ƙanen na ƙwarewa ya tsallaka titi ya buɗe tasa, ƙofa na kallon ƙofa, ya kwashe rabin masu saye. Daga ranar Mai Kwando ya kulle. In ka tambaye shi yaya ake yi, sai ya ce ka kalla. In ka tambaye shi me ya sa, sai ka ga kamar da bango kake.

Yadda kwandonsa ke farawa ba ɓoyayye ba ne, kowa na gani. Tsinke goma sha takwas yake gittawa a ƙasa, ya take tsakiyarsu da diddige. Kowane tsinke kai biyu ne da shi, ka ga talatin da shida. Sai ya soka guntu ɗaya mai kai ɗaya, wanda masu saƙa ke kira baƙo. Zancen baƙo kuwa ko matan masu saƙa sun san shi: dole haƙarƙari su zama mara, wato lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, in suka zama cika sili zai zagayo ya faɗa sawunsa na farko, saƙa ba za ta ciji ba. Iyakar abin da aka sani ke nan. Amma mara ai da yawa suke. Me ya sa sai wannan? Nan ne bakin Mai Kwando ke rufewa.

Abin da ke cikinsa, wanda ni ma sai can baya na gane, shi ne ba saƙa ɗaya yake yi a kwando ba. A gindi sili yana hawa ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya, tafiyar biyu-biyu. A ciki yana hawa biyu ya shige ɗaya, tafiyar uku-uku. A baki tafiyar biyar-biyar yake. Talatin da bakwai kuwa duk yadda ka kasa ta sai ta bar saura. Biyu-biyu, saura ɗaya. Uku-uku, saura ɗaya. Huɗu-huɗu da shida-shida, ɗayan nan dai yana nan. Biyar-biyar, saura biyu. Ba ta rabuwa daidai sai ka barbaza ta ɗai-ɗai ko ka bar ta dunƙule. Sauran nan shi ke ture sili gefe a kowane zagaye, har kowane haƙarƙari ya sha matsa ta ciki ya sha ta waje. Shi ya sa in ka dubi kwandonsa za ka ga zanen saƙar ya karkace yana hawa kamar murɗin igiya. Ni dai na ce shi da lambar tasa halinsu ɗaya, ba mai samun rabo daidai a wurinsu.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu shi da matarsa. Yaron ya taso da baki kamar ba ɗan gidan ba, komai sai ya tambaya. Ya zauna a rumfa shekaru yana tsaga gora, yana cewa, "Baba, me ya sa?" ana ce masa, "Kalla." Da ya kawo ƙarfi ya ajiye wuƙa ya bi masu haƙar rijiya. Su suka sa masa Kwaɗo, don shi ke shiga ƙasa, kuma ko daga ƙasan ba ya daina surutu. Har uwarsa aka koma kira Uwar Kwaɗo.

Aikin rijiya kuwa ga yadda yake: mutum ɗaya a ƙasa yana sara, ya cika kwando da laka da dutse, na sama su ja da igiya a kan gungumen da aka gitta a baki. Tun daga lokacin da kwandon ya tashi har ya kai sama, a kan na ƙasa yake lilo, kuma ramin bai da faɗin da mutum zai kauce. Mai Kwando bai taɓa ce wa ɗansa kada ya je ba, bai taɓa ce masa Allah ya kiyaye a gaban mutane ba. Abin da ya yi shi ne ya je wurin ubangidansu, wanda suke kira Oga, ya ce daga yau ba kwandon da zai shiga ramin da ɗansa yake sai nasa. Kowanne ya gama sai ya cika shi da duwatsu ya rataye a reshen bishiyar tsakar gida, ya shiga ƙarƙashi ya zauna yana fiƙe tsinke.

Uwar Kwaɗo takan ce, "Maigida, ka tashi daga nan mana."

Yakan ce, "In zai faɗo gara nan."

Ita kuwa mace ce mai sanyi, ba ta ja da shi. Ita ke jiƙa gora, ita ke tsagawa, ita ke kankare sili har ya yi santsi, tun tana amarya har ta yi furfura. Bai taɓa ba ta ta saƙa ba. Amma ido ba ya neman izini, tana gefe tana kallo.

Ciwon ya same shi a rumfa da hantsi. Wuƙa ta faɗi daga hannunsa, ya jingina da ginshiƙi, tela ya zaci gyangyaɗi yake har ya yi masa tsiya. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da rabin jiki. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ta mutu, baki ya karkace. Magana ta tafi gaba ɗaya, ba abin da ke fita sai wani gurnani kamar ana jan benci. Hankalinsa kuwa yana nan garau, ka gani a idonsa. Mutane suka riƙa cewa ai da ma ba magana yake ba, bai yi asarar komai ba. Yana kwance yana jin su.

Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke kallon tsakar gida. Ba a daɗe ba ya ga matarsa ta ɗauko tsinke goma sha takwas ta gitta, ta take da diddige yadda yake yi, ta soka baƙo. Ya yi gurnani, ba ta juyo ba. Da ta gama ta kawo masa, ya bi shi da hannun hagu daga gindi zuwa baki, ya danna, ya ja kunne. Ba aibin da ya samu. Ya ture shi gefe ya juya fuska bango. Ita ta ɗauka ƙi ne. Shi kuwa kunya ce ta kama shi, da wani abu mai kama da daɗi wanda bai san inda zai ajiye shi ba. Haka gidan ya ci gaba da ci daga hannunta, kwandunan rijiya suka ci gaba da fita, Kwaɗo na shiga yana fitowa.

Sai Oga ya samu aikin wata rijiya mai zurfi a bayan gari. Masu ja suka yi ƙorafi, igiya ta yi tsawo, kwando ya yi ƙarami, rana na ƙarewa a jan abin da bai taka kara ba. Ya aiko Kwaɗo ya ce a yi masa wanda ya ɗan fi girma. Uwar Kwaɗo ta san in mijinta ya ga an taɓa lissafinsa gidan ba zai zaunu ba, sai ta koma bayan ɗakin girki ta yi aikinta a can. Tsinke ɗaya tak ta ƙara. Goma sha tara ta gitta, ta soka baƙo, ta ƙirga sau biyu ta tabbatar mara ne. Da saƙar ta hau ciki ta ga zanen bai karkace ba, ya miƙe sambal daga ƙasa zuwa sama. Ta ce a ranta girma ne ya kawo haka. Har ya fi mata kyau a ido.

Ranar da Kwaɗo ya zo ɗauka, ya ƙi fita sai ya nuna wa ubansa. Uwar ta ce, "Kai, wuce da shi, ka san halinsa." Ya ce, "Haba Inna, a bar tsoho ya ga an gaje shi da rai." Ya shigo ɗakin da kwandon kife a kansa, yana magana daga ciki.

"Baba, ka gane ni? Sabuwar hula na saya."

Ya sauke shi a gefen katifa. Mai Kwando ya dubi zanen, ya ga layuka a tsaye. Ya sa yatsa ya fara bin haƙarƙari. Matarsa daga bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ɗaya na ƙara kawai. Kuma na sa baƙo, wallahi na sa, ƙirga ka gani."

Bai buƙaci ya gama ƙirgawa ba. Talatin da tara. Mara ce, gaskiyarta, amma uku-uku take rabuwa, kashi goma sha uku cif, ba saura. Duk cikin kwandon nan sili sawu ɗaya ya bi tun daga ƙasa har wuya. Haƙarƙari goma sha uku suna waje ba abin da ya danne su, sauran suna ciki ba abin da ya tare su. Yanzu da gorar ke da danshi ta kumbura ta riƙe kanta. Ranar da ta bushe ta saki, aka zuba mata jiƙaƙƙiyar laka da dutse, cikin zai buɗe.

Ya damƙi bakin kwandon. Ya tura babban yatsa tsakanin haƙarƙari don ya buɗa su gani, saƙar ta ƙi motsi, sabuwa ce, hannun kuma na hagu ne. Ya buɗe baki, gurnani ya fito, miyau ya biyo. Ya sake, ya sake, jijiyar wuyansa ta tashi. Kwaɗo ya ja, ya ƙi saki. Ya kai haƙori ya ciji bakin kwandon.

Kwaɗo ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya durƙusa ya ce a hankali, "Baba, ka bar wa Inna wannan ɗayan mana. Tun ina yaro ban taɓa jin ka ce abin wani ya yi ba. Ta yi ƙoƙari fa." Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya goge masa baki da gefen rigarsa, ya gyara masa matashi. A tsakar gida ya zuba duwatsu a kwandon ya ɗaga ya jijjiga, ya ce, "Ka gani? Ko giwa sai ya ɗauka." Ya saɓa a kafaɗa ya fita yana fito.

Kwanakin da suka biyo baya Mai Kwando bai huta ba, bai bar kowa ya huta ba. Ya ƙi abinci. Ya riƙa jan jiki da gwiwar hannu har bakin ƙofa, a ɗauko shi a mayar, ya sake. Ba karatu ya yi ba balle ya rubuta. Ya gutsuttsura abincin da aka ajiye masa ya jera a ƙasa uku-uku, matarsa ta zo ta share tana hawaye, tana cewa, "Ka yi haƙuri, ba zan ƙara taɓa maka lissafi ba." Ya kama zanenta yana nuna ƙofa, ta zaci korarta yake. Daga ƙarshe ta gitta benci a ƙofar don kada ya faɗa kan matakala. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta ce masa, "Fushi yake. Kun san shi da kayansa." Kowa ya gyaɗa kai, don kowa ya san shi da kayansa.

Kwandon bai yi wata ba. Da azahar ne, rana ta gasa shi a bakin rami tun safe, masu haƙa suka kai ga laka mai ruwa. Masu ja suka ce ya kusa baki suka ji igiya ta yi sakayau a hannunsu. Igiyar ba ta tsinke ba, kunnuwan ba su cire ba, cikin ne ya buɗe kamar an yaye labule. Suka yi ta kiran Kwaɗo, karo na farko ba a ji bakinsa daga ƙasa ba.

Oga da kansa ya zo gidan, laka har gwiwa. Mai Kwando ya gan shi ta saman benci tun kafin ya yi sallama, ya rufe ido. Bai yi gurnani ba. Ihun matarsa ya ji, da gudun maƙwabta.

Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare. Uwar Kwaɗo ba ta karɓi wannan ba. Ta ce hannunta ne, hannun mace ne, ba ta ja sili da ƙarfi ba. Duk wanda ya zauna kusa da ita sai ta buɗe masa tafinta ta ce, "Ka ga, ba ƙarfi." Da mutane suka watse ta ɗauko wani kwandon da ta fara kafin rasuwar, irin wancan babban, na wasu magina masu jan dutse zuwa saman bene. Ta zauna da shi a tsakar gida, a gaban ƙofarsa, ba ɓoyo kuma. Tana jan sili tana taka shi da ƙafa har yatsunta suka fashe, gorar ta yi ja. Layukan suna hawa a tsaye, yana kallo.

A ranar na kai musu gawayi, na leƙa ɗakin in ce masa sannu. Ya rame har katifar ta fi shi kauri. Ya cafki bakin tiren da ke hannuna ya ja, gawayi ya zube. Na buɗe baki zan yi masa irin ta da, sai na ga yana tsintar ƙananan yana jerawa. Na zauna. Ni da na ƙare rayuwata ina kasa kaya kashi-kashi a tire, in an kasa abu a gabana ba na sharewa.

Ya daɗe yana yi. Uku, uku, uku, har kashi goma sha biyu, ɗaya ya rage a gefe. Ya ɗora yatsa a kan ɗayan nan ya dube ni. Na ce, "Naka ke nan, talatin da bakwai." Ya lumshe ido. Sai ya ɗauko biyu ya ɗora wa ɗayan, ya zama kashi kamar sauran. Ya shafa wurin da saura yake, ba komai. Ya nuna tsakar gida.

Na dubi kwandon da ke hannunta, na dubi tsohon kwando da ke rataye a bangon ɗakin, ɗaya zane a tsaye, ɗaya a karkace. Na cire biyun nan na sake kasa nasa huɗu-huɗu, na kasa biyar-biyar, na kasa bakwai-bakwai, kullum da saura.

Na ce, "Wannan ne? Abin da ka rufe wa baki tun muna da baƙin gashi ke nan? Abin da za a faɗa wa mutum kafin ruwa ya tafasa?"

Hawaye ya gangaro ta gefen da ya mutu, bai ji shi ba balle ya share. Ya sake nuna tsakar gida, ya nuna bakina.

"In gaya mata?"

Ya gyaɗa kai. Sannan ya yi ƙoƙarin juya fuska bango, yadda ya saba.

Na gaya mata a ranar, a ɗakin, da gawayin a ƙasa, ta kuma warware kwandon maginan da hannunta kafin la'asar. Shi bai ga ƙarshen watan ba, ban kuma sake shiga ɗakin yana da rai ba. Don haka maganata ta ƙarshe da shi ita ce wadda na yi kafin in ɗaga murya in kira ta. Na kama haɓarsa na juyo da fuskarsa wajen ƙofa, na ce, "A'a, Mai Kwando. Zan faɗa, amma a gabanka zan faɗa, tana tsaye a nan. Matar nan tana can tana yanka yatsunta a kan laifin da ba nata ba. In ta shigo ka dube ta, kada ka kuskura ka rufe mini ido."